Idon da ba ya ɗaukar hoto

Kwanakin baya na nuna wa wani abokina bidiyon wani ƙaramin jirgi marar matuƙi da ake jifa da ƙwallo, shi kuma yana gocewa kamar ƙuda ya ga tafin hannu. Aikin masu bincike ne na Jami'ar Zurik a ƙasar Suwizalan, ƙarƙashin Davide Scaramuzza, wanda suka fitar a shekarar 2020. Jirgin yana amfani da wata irin kyamara da ke ganin canjin haske kaɗai, yana lura da abin da aka jefo masa cikin milisakan uku da rabi, wato kashi uku da rabi cikin dubu na daƙiƙa ɗaya.

Abokin nawa ya kalla, ya miƙo mini wayar ya ce, "Malam, ban ga abin mamaki a nan ba. Wayata ma tana ɗaukar bidiyo mai sauri. A ɗaura masa kyamara mai kyau kawai, magana ta ƙare."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin ba shi kaɗai ke yin ta ba. Har cikin masu harkar ƙirƙirarriyar basira akwai da yawa da suke ɗaukar wannan fanni a matsayin wasan malaman jami'a, abin da ake nunawa a taro a tafa a watse.

Ni ban yarda ba. Duk na'urar da za a sake ta tana yawo a tsakanin mutane, mota ce, jirgi marar matuƙi ne ko mutum-mutumin masana'anta, tambayar farko da ya kamata a yi mata ita ce: cikin wane lokaci kike lura da haɗari, kuma wuta nawa kike ci kafin ki lura? Kyan hoto yana zuwa daga baya. In aka auna da wannan ma'auni, kyamarar da ke ganin canji kaɗai ta yi wa kyamarar da muka saba nisa. Sai dai akwai rabin labarin da har yanzu bai nuna ba, wato ƙwaƙwalwar da ake haɗa ta da wannan ido, kuma zan zo kansa ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Mai gadi biyu

A ce kana da masu gadi biyu a ƙofa ɗaya. Na farko duk bayan minti ɗaya sai ya kira ka ya lissafa maka komai: ƙofa na nan, katanga na nan, bishiya na nan, mota na nan. Bayan minti ɗaya ya sake. Ko an yi wani abu ko ba a yi ba, rahotonsa iri ɗaya ne, tsawonsa ɗaya. In ɓarawo ya haura katanga daƙiƙa biyu bayan rahoto, sai ka jira sauran daƙiƙa 58 kafin ka ji, kuma sai ka tsamo labarin daga cikin lissafin ƙofa da bishiya.

Na biyu shiru yake yi. Ba ya kiranka sai wani abu ya motsa, kuma a take yake kira, ya ce ga wuri kaza, ga lokaci kaza.

Kyamarar wayarka mai gadi na farko ce. Tana ɗaukar cikakken hoto sau 30 ko 60 a daƙiƙa, tana auna kowane ɗigo daga cikin ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su ba da hoto, har da sararin sama da bangon da bai canza ba tun jiya. Kyamarar canji kuwa kowane ɗigo a cikinta zaman kansa yake yi. Yana lura da hasken da ke faɗo masa, idan ya ƙaru ko ya ragu da wani gwargwado sai ya aika ɗan saƙo mai abu uku: ni ne ɗigo kaza, a lokaci kaza, haske ya ƙaru ko ya ragu. Shi ke nan. Babu hoto ko ɗaya a cikin aikin. Lokacin kuma ana rubuta shi da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa.

Dabarar daga idon halitta aka kwaikwayo ta. Misha Mahowald da malaminta Carver Mead ne suka fara ƙera tantanin ido na silikon a jami'ar Caltech ta Amurka a ƙarshen shekarun 1980. A 2008 Patrick Lichtsteiner da Christoph Posch da Tobi Delbruck suka bayyana wanda ya fara yin aiki sosai a hannun masu bincike, mai ɗigo 128 a tsaye 128 a kwance, yana amsawa cikin kashi 15 cikin miliyan na daƙiƙa.

"A ƙara wa kyamara sauri mana"

Wannan ce maganar abokina, kuma ba shirme ba ce gaba ɗaya. Bari mu yi lissafi.

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa. Tsakanin hoto da hoto a kyamara mai ɗaukar 30 a daƙiƙa akwai milisakan 33. A wannan ɗan tsakanin motar ta yi tafiyar fiye da santimita 90 ido rufe. Ba a ma fara maganar lokacin da kwamfuta za ta ɗauka tana nazarin hoton ba, kuma yawanci sai ta ga hoto biyu ko uku kafin ta tabbata cewa abin da ta gani yaro ne ya biyo ƙwallo, kuma titi ya nufo.

To a mayar da ita hoto 1,000 a daƙiƙa. Kyamara mai ɗigo 1280 a kwance 720 a tsaye tana da ɗigo sama da 920,000. Sau dubu a daƙiƙa ya zama ma'auni fiye da miliyan 920 da za a kwaso, a tura ta waya, a tace, duk daƙiƙa, mafi yawansu kuma maimaicin abin da aka riga aka sani ne. Wannan yana buƙatar babbar kwamfuta, babbar kwamfuta tana buƙatar babban batir, tana kuma zafi. Jirgin da bai kai kilo ɗaya ba ina zai ɗora wannan kaya? Ga wata matsalar kuma: gwargwadon saurin ɗauka, gwargwadon ƙarancin hasken da ke shiga kowane hoto. Duk wanda ya taɓa gwada bidiyo mai sauri a waya da daddare ya san yadda yake fitowa duhu-duhu.

Akwai kuma batun haske mai kashe ido. Ka tuna yadda hoton waya yake yin fari fat idan ka fito daga ɗaki mai duhu zuwa rana, sai ya ɗan jima kafin ya daidaita. Haka kyamarar mota take yi a bakin hanyar da ta ratsa cikin dutse, ko idan fitilar babbar mota ta haske ta da dare. Kyamarar canji ba ruwanta da yawan hasken, bambancinsa take kallo, kuma kowane ɗigo yana daidaita kansa. Shi ya sa take iya aiki a inda wuri mafi haske ya ninka mafi duhu sau miliyan, alhali kyamarar yau da kullum tana fara rikicewa tun a kusan ninki dubu.

"Ai ba ta ganin abin da ke tsaye"

Gaskiya ne. Ka ajiye ta a ɗakin da babu motsi, ba za ta ce uffan ba. A 1959 Jerome Lettvin da abokan aikinsa suka yi nazarin idon kwaɗo, suka lura cewa kwaɗo zai iya mutuwa da yunwa ga abinci kewaye da shi muddin abincin bai motsa ba. Masu suka suna son kawo wannan misali, su ce ga abin da ake so a saka wa mota.

Abin da ba sa faɗa shi ne idon ɗan'adam ma haka yake. Ko lokacin da ka ƙura wa abu ido, ƙwayar idonka ba ta tsayawa, tana 'yan ƙananan motsi da ba ka ji. An gwada tun shekarun 1950, an tsayar da hoto cak a kan tantanin ido, sai ya dusashe cikin 'yan daƙiƙu. Idonmu motsi yake ƙirƙira wa kansa don ya ci gaba da gani. Masu bincike sun ari wannan dabara. A 2015 Garrick Orchard da abokan aikinsa suka ɗora kyamarar canji a kan wani abu mai juyawa, suka sa ta yin motsi uku a gaban hotunan lambobi da aka rubuta da hannu, sai ga lambobin sun bayyana. Kyamarar da ke kan mota ko jirgi kuwa dama tana cikin motsi.

Duk da haka ba zan ce matsalar ta ƙare ba. Kyamarar canji ba ta karanta launin fitilar hanya da kyau, kuma idan mota ta tsaya a bayan wata motar da ita ma ta tsaya, sai an sami abin da zai riƙe mata cewa akwai abu a gaba. A ɗaya gefen kuma, idan ana ruwan sama ko fitilu suna ƙyafƙyaf, saƙonni sukan yi mata ambaliya har mai gadin namu mai shiru ya koma mai surutu.

Don haka ban taɓa cewa a jefar da kyamarar da muka sani ba. A haɗa su. A 2024 Daniel Gehrig da Scaramuzza suka nuna cewa kyamara mai ɗaukar hoto 20 kacal a daƙiƙa, idan aka haɗa ta da kyamarar canji, tana lura da motoci da masu tafiya a ƙafa da saurin kyamara mai ɗaukar 5,000, amma yawan bayanan da take turawa bai wuce na mai ɗaukar 45 ba. Ɗaya tana faɗin mene ne abin, ɗaya tana cike gurbin da ke tsakanin hoto da hoto. Ban ga hujjar da mai ƙera mota zai kawo na ƙin duba wannan ba.

Inda gizo ke saƙa

Yanzu ga rabin da na ce bai nuna ba.

Ido ba ya gane abu, ƙwaƙwalwa ce ke ganewa. Ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa kuma ba lambobi suke miƙa wa juna ba, ɗan tartsatsin lantarki suke harbawa. Ka ɗauki kowace ƙwaya kamar bokiti mai yoyo. Saƙonni suna ɗiga a ciki, yoyo yana ragewa. Idan suka zo a jere da sauri har bokitin ya cika, sai ƙwayar ta harba nata tartsatsin ga na gaba, ta koma wofi. In babu abin da ya ɗiga, tana zaune ba ta cin komai. Da wannan tsari ƙwaƙwalwa mai ƙwayoyi kusan biliyan 86 take aiki da wutar da ba ta wuce wat 20 ba.

A 1996 Simon Thorpe da abokan aikinsa a Faransa suka nuna wa mutane hotuna na milisakan 20 kacal, suka tambaye su ko akwai dabba a ciki. Sun gano cewa cikin milisakan 150 ƙwaƙwalwa ta riga ta bambance. Saƙon kuwa sai ya ratsa matakai da yawa daga ido kafin ya kai nan, wanda ke nufin kowace ƙwaya ba ta da lokacin da za ta yi ta harbi ana ƙirgawa. Harbi ɗaya ko biyu ne, kuma wanda ya riga wani harbawa shi ke ɗauke da labari.

Ragar jijiyoyi mai tartsatsi ita ce ƙoƙarin kwaikwayon wannan a cikin na'ura. A takarda, ita da kyamarar canji kamar an halicce su don juna: ido yana fitar da saƙo ɗai-ɗai, raga tana karɓa ɗai-ɗai, babu mai jiran hoto ya cika. An ma ƙera guntayen silikon musamman dominta. IBM ta fitar da TrueNorth a 2014, mai ƙwayoyi miliyan ɗaya, yana cin kusan miliwat 70, wato kashi 70 cikin dubu na wat ɗaya. Intel ta biyo da Loihi a 2017, sannan Loihi 2 a 2021. A Jami'ar Mancasta ta Ingila, Steve Furber ya jagoranci gina wata na'ura mai kwaikwayon ƙwayoyin jijiya da ake kira SpiNNaker. A 2017 masu binciken IBM suka haɗa kyamarar canji da TrueNorth, na'urar ta riƙa gane alamun hannu iri-iri, kamar ɗaga hannu da tafi, tana dacewa fiye da sau 96 cikin 100, da wutar da ba ta kai miliwat 200 ba.

To me ya hana? Abu na farko, horar da irin wannan raga yana da wuya. Hanyar da ake koyar da ragar yau da kullum, wato ragar ƙirƙirarriyar basira da ƙwayoyinta ke miƙa wa juna lambobi, tana dogara ne da gyara kaɗan-kaɗan: a matsa nan ƙwayar zarra, a ga yadda sakamako ya motsa. Tartsatsi kuwa ko ya fita ko bai fita ba, babu rabi. Sai da aka ƙirƙiro wata dabara ta yi wa lissafin wayo, a nuna masa kamar akwai gangara a inda a zahiri tsalle ne, sannan abubuwa suka fara tafiya. Abu na biyu, ragar yau da kullum ta koshi da hotuna miliyoyi da mutane suka yi wa laƙabi, ita kuwa wannan abin da za ta koya da shi kaɗan ne. Sakamakon haka, a manyan gwaje-gwajen gane abubuwa har yanzu ragar yau da kullum ce a gaba.

Dole in faɗi wani abu da masu tallar fannin ba sa son a faɗa. Jirgin Zurik da na fara da shi ba da raga mai tartsatsi yake kauce wa ƙwallo ba. Aikin 2024 na motoci ma wata irin raga ce daban aka yi amfani da ita. Idon ya riga ya tabbatar da kansa, ƙwaƙwalwar ce har yanzu take bin bashi.

Akwai kuma wata al'ada da ke ba ni haushi a cikin masu binciken kansu. Sai mutum ya sayi kyamarar da ke auna lokaci da kashi ɗaya cikin miliyan, ya tara saƙonninta na milisakan 30 ko 50, ya dunƙule su ya mayar da su hoto, ya miƙa wa raga irin ta kowa, a kan kwamfuta mai cin ɗaruruwan wat. Tufka da warwara ke nan. Wasu kuma ƙirga ayyukan lissafi suke yi a takarda su ce ragarsu ta fi tattalin wuta ninki kaza, alhali ba su taɓa ɗora ta a kan guntun silikon sun sa mita sun auna ba. Irin wannan ne ke ba masu suka makami, kuma sun yi gaskiya idan suka yi dariya.

Amma a lura da inda ake yin gasar. Ana ɗauko hotuna marasa motsi, a ce kowa ya faɗi abin da ke ciki, ba a ƙirga lokaci, ba a ƙirga wuta. Wannan kamar a gwada mai tsaron raga ne da tambayarsa launin ƙwallo. A canza jarrabawar: ga abu ya taho da gudu, ga ƙaramin batir, wa zai riga lura, kuma wa zai kai yamma bai mutu ba? Ina so in ga sakamakon wannan kafin a yanke wa raga mai tartsatsi hukunci.

"Shekara talatin ana cewa gobe"

Wannan sukar tana da ɗaci domin akwai gaskiya a cikinta. Tun zamanin Mahowald ake cewa abin ya kusa. Amma ita ma ragar da duniya ke rawa a kanta yau ta daɗe a kwance. Frank Rosenblatt ya gabatar da tushenta a 1958, hanyar horar da ita ta yaɗu a 1986, ba ta yi tashe ba sai 2012, lokacin da ta haɗu da katin zanen wasannin kwamfuta da ya dace da irin lissafinta. Fiye da shekara 50 ke nan. Ba don tunanin bai da kyau ta jira ba, kayan aikinta ne ba su iso ba.

A ɓangaren ido kayan sun fara isowa. Daga ɗigo 128 sau 128 na 2008, kamfanin Sony tare da Prophesee na Faransa sun kai ga mai 1280 sau 720 da ake ƙerawa don kasuwa. Abin da ya rage shi ne guntun silikon mai tartsatsi da kowane injiniya zai iya saya ya yi wa manhaja ba tare da ya yi digiri na uku a kai ba. Kamfani mai neman ribar wata uku ba zai jure wannan jiran ba, shi ya sa nake ganin kuɗin bincike na gwamnatoci da jami'o'i bai kamata ya ƙare duka a kan manyan manhajojin hira ba. Hukumomin da ke gwada lafiyar motoci ma suna da rawar takawa. Ranar da suka fara tilasta wa kamfanoni bayyana milisakan nawa na'urarsu ke ɗauka kafin ta lura da mutum, a cikin duhu da kuma a gaban fitila mai kashe ido, ranar kamfanonin za su nemo wannan kyamara da kansu.

Wata magana da ban yarda da ita ba daga ɓangarenmu

Masu sayar da kyamarar canji sukan ce tana kare sirri, tun da ba ta ɗaukar hoto, gefe-gefen abu mai motsi kawai take nunawa. Da wannan ake tallarta don ɗakunan tsofaffi da asibitoci, a ce za ta gane idan mutum ya faɗi ba tare da ta kalle shi ba.

Kada kowa ya saki jiki da wannan. Tun 2019 masu bincike a Zurik suka nuna cewa ana iya ɗaukar waɗannan saƙonni a sake gina cikakken bidiyo daga cikinsu, ana ganin komai. Bayanin yana nan, an dai rubuta shi da wani salo ne. Kuma abin da nake yabonta da shi, ƙarancin cin wuta, shi ne kuma abin tsoron. Kyamarar tsaro ta yau tana buƙatar waya da wuta, ana ganinta a maƙale. Idon da ke cin 'yan miliwat, yana barci sai an motsa, ana iya liƙa shi a ko'ina da ɗan ƙaramin batir ya daɗe yana aiki ba wanda ya sani.

Sharaɗin da zan yarda da shi ɗaya ne: a yi nazarin a cikin na'urar, saƙonnin kada su fita, abin da zai fita kawai shi ne "wani ya faɗi" ko "babu komai". In kuwa ɗanyen bayanin zai bi intanet zuwa rumbun wani kamfani, to doka ta ɗauke ta a matsayin kyamara kamar kowace, a nemi izinin wanda ke ɗakin kafin a kunna.